Ranar Da Na Karɓa Wa Yaya Aure

A kan bishiyar gawo aka yi faɗan. Tana tsaye daidai kan iyakar gonarmu da ta makwabcinmu, rabin inuwarta a ɓangarenmu, rabi a nasu, kuma tun zamanin iyayenmu babu wanda ya taɓa tambayar ta wace ce. A ƙauyenmu, can bayan Zakirai, gona manne take da gona, gida manne da gida. Layin gamba ko 'yan itatuwan lalle ne kawai ke raba mutum da ɗan'uwansa. Sai da fari ya zo, ya tafi, ya sake dawowa, gero ya bushe yana tsaye, harawa ta ƙare, awaki suka koma cin tsumma, sannan ganyen gawo da 'ya'yansa suka zama abin da ake tsaro.

Ba na wurin, na tafi kasuwa. Abin da aka gaya min shi ne Yayana ya tarar da makwabcin a kan bishiyar yana saran rassa. Magana ta yi zafi, makwabcin ya sauko ya ture shi, Yaya ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a ka. Sau ɗaya. Mutumin ya tashi da ƙafarsa ya koma gida, ya sha ruwa, ya ce kansa na sarawa zai ɗan kwanta. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa. Tare suka taso da Yaya, rana ɗaya aka yi musu kaciya, allonsu a zaure ɗaya yake jingine.

Da farko hukuncin kisa aka yanke wa Yaya, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai-da-rai. Ranar da na je gidan yari na birni bayan an sauya hukuncin, na ɗauka zan same shi da ɗan sauƙi a rai. Ban samu ba. Tsakaninmu akwai ragar waya mai ƙananan ido, ɗakin kuma duhu-duhu, sai dai ka gane mutum da murya.

Ya ce, "Ka faɗa mata na sake ta. Saki ɗaya. Ta yi idda ta koma gidansu."

Na ce, "Yaya, ka bari a yi shawara."

"Babu shawara. Yarinya ce. Ba za ta tsufa tana jiran wanda ba zai dawo ba."

Matar tasa ba ta daɗe a gidanmu ba a lokacin. Ɗa guda suka haifa, ƙyanda ta ɗauke shi a farkon yunwar. Na same ta a tsakar gida tana surfen 'yar dawar da muka samo, na faɗa mata a gaban Innarmu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da taɓarya, ta ce, "Shi ya ce?" Na ce shi ya ce. Ta ƙarasa surfenta, ta wanke, ta shanya. Da ta gama idda ta ɗauki ƙwaryarta da akwatinta ta koma gidan mahaifinta a ɗaya ƙarshen layinmu. Mu dai bakinmu bai taɓa daina ce mata matar Yaya ba.

Shekarun nan ba a son tuna su. Ruwa ya dawo kaɗan-kaɗan, amma tsada ta maye gurbinsa. Sabulu ma sai an bi layi. Ni na fara bin motocin hatsi zuwa Dawanau, ina sayo wake da gero ga masu hali ina samun na tuwo. Duk lokacin da hanya ta ba ni, sai in biya in duba Yaya.

Manema sun fito mata, domin mace ce mai natsuwa da tsabta, ga iya sana'ar ƙuli-ƙuli. Har wani mai rumfar hatsi ya aiko, mutumin kirki, wanda gidansa ba a kwana da yunwa. Mahaifinta bai matsa mata ba, ya dai ce ta duba. Ta ce ta duba, a ba shi haƙuri. Haka ta yi wa na biyu da na uku.

Wata rana da safe zan hau mota sai na gan ta a bakin titi da lulluɓi, riƙe da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin yaji. Ta ce, "Yau da ni za ka je." Ban san yadda zan hana ta ba.

A ƙofar gidan yarin akwai wani gandiroba mai furfura da ke tambayar kowa dangantakarsa da wanda ya zo gani. Na ce ƙaninsa ne ni. Ya juya wajenta.

"Ke fa? Mece ce ke a wurinsa?"

Ta buɗe baki ta rufe. Na ce matarsa ce a da.

Ya ce, "A da? To yanzu fa? An hana, sai iyali na jiki. Ba ni na kafa dokar ba, Hajiya, ki yi haƙuri."

Ta miƙo min ƙullin, ta koma gindin wata darbejiya ta zauna cikin mata masu jira. Da na fito na same ta yadda na bar ta. Muka hau mota, muka wuce gonakin bakin gari. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka faɗa wa yayanka ina so a mayar da aurena."

Maganar ba ta kwana ba ta zagaye ƙauye. A majalisar ƙofar masallaci mutane suka rabu. Wasu suka ce wane irin aure ne babu ci babu sha babu kwana, ai wannan wasa ne da sunna. Wasu suka ce wanda ya kashe rai an bar masa nasa, ai ya ci riba, ba sai an haɗa masa da mata ba. Wani dattijo ya ce shi tausayinta yake ji, za ta mutu ba ta bar baya ba. Akwai kuma masu cewa ai bazawara ce, ta san abin da take so, a ƙyale ta. Ni ina zaune ina jinsu, kowa ya yi magana sai in ji kamar shi ne mai gaskiya.

Mahaifinta ya kira ni zaurensa. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗana, ban ƙi ɗan'uwanka ba. Da hannuna na ba shi ita. Amma ka gaya min, in na mutu wa zai riƙe ta? In ta yi ciwo wa zai tsaya a kanta?" Na ce ni zan tsaya. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kai ma iyali za ka tara. Amma na ji."

Wanda ya fi kowa ƙin maganar shi ne Yaya da kansa. Na je na kai masa saƙon.

Sai ya ce, "Ka san kullum ina ganinsa?"

Na ce wa?

"Shi. Ba a mafarki ba. In aka zuba min abinci sai in ga kamar yana tsugune a gabana, yadda muke ci a kwano ɗaya muna yara. Ba ya cewa komai. Hannunsa dafe da kansa. To shi wa zai ɗaura masa aure? Matarsa ta yi wani auren, 'ya'yansa suna agolanci a gidan wani. Ni kuma a raba goro da sunana?"

Na koma na faɗa mata yadda ya ce, ban rage komai ba. Tana murza tunkuza a lokacin, mai yana bin yatsunta.

Ta ce, "Ka ce masa ya sake ni bai tambaye ni ba. Yanzu kuma yana so ya ƙi ni bai tambaye ni ba. Alhakin wancan bawan Allah yana kansa, na sani, ba na ce zan sauke masa ba. Amma ni me na yi? Ni ma ɗaure ni aka yi? Ban ce ya ciyar da ni ba, hannuna na ciyar da ni. So nake in an tambaye ni mece ce ni a wurinsa, in sami abin faɗa."

Sai da kaka ta wuce aka yi rani ina kai wannan ina kawo wancan. A ƙarshe ya ce min, da murya kamar ta wanda ya gaji da tafiya, "In ta nace, ka karɓa min. Amma kada a yi kiɗa. Kada a yi guɗa."

Muka je wa liman, ni da mahaifinta. Tsoho ne da ya karantar da mu duka, har da mamacin. Ya saurare mu yana jan carbi, sannan ya ce hukuma ta ɗaure jikin Yaya, amma bai ga inda aka ce ɗaurarre ya fita daga cikin masu aure ba. Sharaɗinsa shi ne ta faɗa da bakinta a gaban shaidu cewa ta san halin da yake ciki, ta kuma yafe abin da ba zai iya ba ta ba. Sai ya dube ni.

"Kai kuma akwai inda za ka je tukuna. Ka je wa mahaifiyar marigayi. Ba izini za ka nema ba, ba ta da shi a wannan. Amma kada ta ji a bakin 'yan rijiya."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Tun ranar da abin ya faru ban taka zaurenta ba, ita ma ba ta ƙara shiga namu ba, ko da yake a da Iya muke ce mata, kuma ta sha ba mu ɗumame. Na yi sallama da hantsi. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta rame ƙwarai. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa. Na faɗi abin da ya kawo ni, ina tuntuɓe da kalmomi.

Ba ta daina ɓarar ba. Ta ce, "Yana cin abinci?"

Na ce yana ci, Iya.

"Yana ganin rana?"

Na ce ana fito da su.

"Kuna jin muryarsa in kun je."

Ta tattara ɓawon gyaɗar gefe guda da tafin hannunta. Ta ce, "Ni kullum da safe sai in ji kamar nawa yana kiran awaki a bayan gida. In fita, babu kowa. Ku ɗaura aurenku. Yarinyar ba ta yi min komai ba. Amma kada wanda ya aiko min da goro."

Na tashi zan fita sai ta ƙara da cewa, "Ka ce masa ban yafe ba. Ban kuma yi masa baki ba. Na bar shi da Allah."

Bayan sallar la'asar aka ɗaura, a ƙofar gidan mahaifinta. Mutane ba su da yawa, wasu sun ƙi zuwa, wasu sun zo don su gani da idonsu. Tunkiya ɗaya da ta rage wa Yaya ita ce sadaki. An shimfiɗa tabarmi, aka ajiye 'yar ƙwaryar goro da dabino. Shaidu biyu suka shiga soro suka ji daga bakinta, suka fito suka ce ta faɗa, ba ta yi rawar murya ba. Daga inda nake zaune ina hango ƙofar Iya can ƙarshen layi. Ta fito da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a waje, abin da ba ta saba yi ba. Ba ta matso ba, ba ta kuma shiga ba, har aka watse.

Liman ya tambayi waliyyi, ya ce ya bayar. Ya juyo gare ni a matsayin wakilin ango. Na ce, "Na karɓa masa."

Sai na ga kawuna sun ɗago. Wani na kusa da ni har ya waiwaya bayansa. Daga cikin soro kuma muka ji wata 'yar ƙara, gajeriya, kamar ta wanda ya taka garwashi. Ni ban taɓa sanin muryata da ta Yaya iri ɗaya ce ba sai ranar. Da yana gida ba wanda ya lura, domin shi ne mai magana, ni mai shiru. Daga baya Innarmu ta gaya min amaryar ce ta yi ƙarar. Ta ɗauka an sako shi, ya zo ya karɓi aurensa da kansa.

Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Da yamma mata biyu suka rako ta, ba waƙa ba guɗa, ta shiga ɗakinsa da yake rufe tun tafiyarta. Ta share yanar gizo-gizo, ta yi sabon daɓe, ta jera kwanukanta. Rigarsa ta noma tana rataye a ƙusa, ta wanke ta mayar da ita wurin.

Tun daga lokacin na koyi yin gyaran murya kafin in yi sallama a gidanmu. In na manta na yi sallama kai tsaye, sai in ga ta daskare da abin da ke hannunta, ta ɗan jima kafin ta amsa. Ba ta taɓa yi min maganar ba, ni ma ban taɓa yi mata ba.

Zuwanmu na farko bayan ɗaurin auren, gandiroban nan mai furfura ne a ƙofa. Ya ce, "Mece ce ke a wurinsa?" Ta ce, "Matarsa." Ya matsa ta wuce. Na tsaya daga baya don in ba su wuri, amma ɗakin ƙarami ne, ina jin komai. Na ɗauka za a yi kuka ko wata doguwar magana. Sai na ji ya ce, "Kun shuka gonar tudu?" Ta ce an shuka, wake aka sa a tsakanin geron. Ya ce ai da gyaɗa aka sa, ƙasar wurin ta fi son gyaɗa. Ta ce irin ya yi tsada. Ya tambayi rufin ɗakin Inna, ta ce yana yoyo ta kusurwar gabas. Ya ce a faɗa min in nemo azara kafin ruwa ya yi ƙarfi. Haka suka yi ta yi har aka buga ƙarfe. Ko yatsa ba ya shiga idon wayar nan.

Haka auren ya kasance. Takan je in ta tara na mota. Ta daka masa yaji, ta soya ƙuli. Ta yi jinyar Innarmu har ta rasu a hannunta. Na yi aure, 'ya'yana suka taso a ɗakinta fiye da na uwarsu, tana yi musu kitso tana goya su, amma ba na mance yadda take kallon jariri in an miƙo mata shi ranar suna. Duk lokacin da aka ce a rediyo gwamnati za ta yi wa fursunoni afuwa, sai ta bar aikinta ta zauna kusa da akwatin rediyon. In an gama ta tashi ta koma kan turminta. Iya ta rasu a wata damina. Matar Yaya ta shiga gidan ta yi gaisuwa tare da sauran mata, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya matsa mata wurin zama.

Ko Yaya ya sami sauƙi da auren? Ban sani ba. Ya daina ramewa, wannan ko a duhun ɗakin na gani. Ya koyi ɗinkin hula a ciki, ya sauke Alƙur'ani. Amma da na taɓa tambayarsa ko har yanzu yana ganin mutumin, sai ya ce, "Yanzu ma ya fi zuwa. Duk ranar da ta zo ta tafi, sai ya zo." Wani lokaci ina ganin alheri muka yi musu su biyun. Wani lokaci ina ganin mun ƙara masa abin da zai riƙa tuna masa abin da ya raba marigayin da shi, ita kuma mun taya ta rufe wa kanta ƙofa. Na yi furfura ban raba wannan gardama a zuciyata ba.

Tari ne ya kashe shi. Aka aiko mu je mu ɗauki gawa, muka kawo shi gida a bayan motar hatsi, lulluɓe da tabarma. Tsohon liman ya riga ya rasu, ɗansa ne ke limanci. Ana shirin wanka sai ta aiko a kira shi bakin soro. Ta ce ita za ta wanke mijinta. Maza suka fara gunaguni, domin a garinmu ba a saba ba. Liman ya ce haƙƙinta ne, ta ma fi kowa cancanta, sai dai a samu mai zuba mata ruwa. Ta ce ni.

Muka shiga bayan ɗaki inda aka kewaye da zana. Ta yaye mayafin daga fuskarsa ta tsaya. A hasken rana ba mutumin da muke zuwa gani ba ne. Duhun ɗakin ziyara ya ɓoye mana shi duk shekarun nan. Kansa fari fat, haƙoransa na gaba babu, kumatunsa sun faɗa.

Ta ce a hankali, "Ashe ka tsufa haka."

Ta ɗora tafin hannunta a goshinsa. Rabonta da taɓa shi tun safiyar da ya ɗauki fartanya ya fita. Ta yi bisimilla, na fara zuba ruwa, tana wankewa a natse, gaɓa bayan gaɓa, yadda aka koya mata. Da ta zo ƙafafunsa sai ta dakata. Ta riƙe diddigensa cikin hannayenta biyu tana dubawa.

"Zo ka gani," in ji ta. "Babu kaushi ko ɗaya. Kamar ƙafar jinjiri."

Na duba. Ƙafar manomi ce a da, mai faso kamar ƙasar fadama da rani. Yanzu ta yi laushi, ta yi fari, ƙafar da ta manta da gona. A nan ne ta yi kuka, ba da ƙarfi ba, tana riƙe da ƙafar. Ni kuma ina tsaye da buta, ruwa na zuba a ƙasa ban sani ba, har liman ya yi gyaran murya daga bayan zana ya ce rana tana yi, mutane suna jira.